Suwaitar Doreen

A gundumarmu in ka ji an ce "Alƙali", to ba na kotu ake nufi ba. Lyle Terpstra ke nan, tsohon makanikin injin fimbol, wanda ya shekara ashirin da biyu yana yanke hukunci a bikin baje tsofaffin injina da ake yi duk watan Oktoba, a zauren nan da manoma ke nuna shanunsu lokacin zafi. Gajere ne, mai sanƙo, da tafiya irin ta mutumin da ya san ana kallonsa. Kayan aikinsa fararen safar hannu ne da 'yar tocila, sai wani ɗan madubi mai dogon mariƙi irin na likitan haƙori.

Injin kansa ba wani abu ba ne. Akwati ne mai ƙafa huɗu, ka jefa kuɗi, ka harba 'yar ƙwallon ƙarfe ta yi ta karo da fitilu da ƙararrawa, kai kuma kana danna maɓallai biyu kana tare ta kada ta faɗa rami. A kansa akwai gilashi a tsaye mai zane, fitila na haska shi ta baya. Da can a mashaya da gidajen cin abinci ake ajiye su, samari su ƙarar da canjinsu. Yanzu waɗannan samarin ne suka yi furfura suka yi kuɗi, suna sayen injinan da tsadar mota, suna jerawa a ɗakin ƙasa, suna hana jikokinsu taɓawa. Abin da aka ƙera don a buga shi, a girgiza shi, a zage shi, yau shi ake lulluɓewa da mayafi kamar mai jego.

In Lyle ya zo kan injinka, ba ya ko kallonka. Sai ya durƙusa, ya buɗe ƙofar akwatin kuɗi, ya tura hancinsa ciki. In ya ji warin tsohuwar taba da giyar da ta zube tun kafin a haife ka, sai ya gyaɗa kai, ranka ya yi fari. In kuwa ya ji ƙamshin sabon fenti, ka fara naɗe kayanka. Dokarsa ɗaya ce, kuma duk mun haddace ta: abin da kamfani bai sa ba, ƙazanta ne. Ya taɓa cire wa wani bawan Allah maki biyu saboda ƙusa ɗaya da ta fi sauran ƙyalli. Mutumin nan ya tuƙo mota awa tara daga Iowa, kuma a gaban matarsa aka yi masa haka.

To abin da ba wanda ya sani, sai shi da matarsa Doreen, shi ne babbar ƙazantar da aka taɓa yi wa injin fimbol a jihar nan da hannunsa ya yi ta. Ita ce kuma aikin da ya fi so a duk rayuwarsa.

A shekarar 1974 aka yi abin. Lyle yana ɗan shekara ashirin da huɗu, sabon aure, yana zagaye da motar maigidansa yana gyaran injina. Sai aka kawo wani sabon inji mai suna Sarauniyar Tafki, guda uku, aka rarraba a wurare uku. A jikin gilashin an zana wata mace ta fito daga ruwa da 'yar rigar wanka wadda ba ta kai girman hankici ba. Garinmu kuwa garin coci ne, inda ko yankan ciyawa ranar Lahadi sai an yi da kai. Fasto Dykema ya shiga wani gidan abinci shan kofi ranar Talata, ya ɗaga kai, ya ga Sarauniya, ya ajiye kofin bai sha ba. Kafin Asabar saƙo ya isa wurin maigidan Lyle: ko a suturta baiwar Allah, ko a kwashe injinan daga gunduma.

Maigidan ya ce, "Lyle, ka iya fenti?"

"Na taɓa yi wa kwalekwalen babana."

"Ya isa. Je ka sa mata riga."

Lyle ya ciro gilasan ya kai gida, ya kife na farko a kan teburin cin abinci, don zanen a bayan gilashi yake. Ya sa reza ya kankare kafaɗu da ƙirji da ciki. Sai ya tsaya, don bai san yadda ake zana riga ba. Ya ɗaga kai ya ga Doreen tana feraye dankali, sanye da koriyar suwaita da mahaifiyarta ta saƙa mata, mai aljihu ɗaya a hagu, da maɓallai biyar. Huɗu farare ne, na ukun ja, don na asalin ya ɓace ta ɗinka wanda ta samu. Ya ce mata, "Zauna nan, kar ki motsa." Ta zauna yini uku tana mita. A bayan gilashi komai a birkice ake yinsa, maɓallai ake fara sawa kafin riga, amma hannun yaron nan ya kama abin kamar an haife shi da buroshi. Da aka mayar aka kunna fitila, har zaren saƙar kana gani. Fasto ya dawo ya sha kofinsa. Injinan suka tsufa, aka sayar, kowa ya manta.

Sai bayan shekara ashirin da biyu ɗaya ya ɓullo a wani rumbun masara. Masu tara injina suka haukace. Sarauniyar Tafki dubu huɗu aka ƙera, duk da rigar wanka, ga guda da suwaita! Aka kawo ta biki, mutane suka yi cincirindo. Lyle lokacin ba kowa ba ne, 'yan robobi da fitilu yake sayarwa a wani teburi kusa da banɗaki. Wani ya ce, "Kai Lyle, ai ka yi aiki a zamanin, ka taɓa ganin irin wannan?"

Ya ce, "Na taɓa gani. Guda uku ne."

Gaskiya ya faɗa. Zaure ya yi tsit, aka matso. Tunda aka haifi Lyle mutum arba'in ba su taɓa yin shiru don su ji shi ba, kuma abin ya yi masa daɗi fiye da yadda ya zata. Wani ya ce, "Wannan ai zanen hannu ne. Ko mai zanen kamfani ne ya yi da kansa?"

Lyle ya dubi suwaitar, ya ce, "Hannun gwani ne."

Wannan ma a zuciyarsa gaskiya ce. Aka kai shi cin nama a wurin da ake sa ƙyalle a cinya. Kafin a kawo kek, labari ya haɗu: wai marigayi Anton Reszke, babban mai zanen kamfanin Chicago da ya ƙera injin, wanda ya daɗe da rufewa, shi ya zana uku da hannunsa don garuruwan masu addini. Lyle bai ce e ba, amma bakinsa cike yake da nama, bai ce a'a ba. Shekara na zagayowa aka miƙa masa safar hannu ta alƙalanci. Bayan shekara biyu ya rubuta ɗan littafi mai shafi goma sha shida a kan injin da ake kira Mai Suwaita, inda ya bayyana cewa jan maɓallin nan sa hannun Reszke ne na ɓoye. Doreen ta karanta, ta yi dariya har sai da ta riƙe ƙofar firji. Ba ta taɓa taka ƙafa a bikin ba, ta ce ba za ta biya dala goma ta kalli manyan banza suna shinshina akwati ba.

Haka aka yi ta tafiya har shekarar da Dokta Preston Haas ya tara duka ukun. Likitan haƙori ne, dogo, mai murmushi kamar talla, yana da inji tamanin a gidansa kuma bai iya buga ko ɗaya ba. Shi ya aiko wa Lyle wasiƙa cewa za a jera su a bikin bana, da allon tagulla a ƙasa mai ɗauke da sunan Anton Reszke, kuma ana roƙon Alƙali ya yaye mayafin ya yi jawabi.

Da safe wasiƙar ta zo. Lyle ya karanta sau uku, ƙwansa ya huce a faranti.

Doreen ta ce, "To mene ne kuma? Shekara ashirin da biyu kana cin naman mutane da sunan mamacin nan, yau don za a rubuta shi a ƙarfe ka kasa cin ƙwai?"

"Magana daban, tagulla daban, Doreen. Tagulla ba ta gogewa. In na mutu shi ke nan, shi ya yi."

"Shi ma ai ya mutu, bai san ana yi ba."

"Mutumin nan bai taɓa zana ko safa ba! Tsiraici kawai ya iya. Ni na zauna yini uku..."

"Ni na zauna yini uku, malam. Kai a tsaye kake."

Ya yi ta jujjuya cokali. Abu ɗaya tak ya taɓa yi da kyau a duniya, ba gyara ba, ba duba aikin wani ba, nasa na kansa, kuma ga shi za a sa shi ya miƙa wa wani da hannunsa, ya yi tafi. 

Ya ce, "Zan faɗa musu."

Doreen ta ajiye butar kofi. "Ka san za su karɓe safar hannun?"

"Na sani."

"Kuma ba ka da wata sana'a. Gida za ka dawo min kana duba cokula da tocila."

"Na sani. Su kira ni maƙaryaci, na yarda, amma su san wa ya yi. Suwaitar tana nan?"

Tana nan mana. Doreen ba ta taɓa zubar da ko igiyar ƙunshi ba. Ta ciro ta daga ƙasan akwati tana warin maganin asu, ta sa masa a jakar takarda, ta ce kar ya kuskura ya ɗiga mata miya.

Ranar biki zaure ya cika, warin shanu na lokacin zafi bai gama fita ba, ga ƙamshin donat. Aka jera Sarauniya uku a kan dandamali, da igiya a zagaye da takardar "Kada a taɓa". Lyle ya hau, ya karɓi lasifika, ya dubi mayafin da ke kan allon tagulla, bai taɓa shi ba. Ya yi ta maza. Ya ba su labarin tun daga kofin Fasto har zuwa teburin cin abinci. Ya ce, "Ni na yi. Reszke bai taɓa ganin gilasan nan ba. Na cuce ku shekara ashirin da biyu, ku yafe min, amma ku rubuta sunana."

Ya rufe ido yana jiran ihu. Sai ya ji dariya, irin ta jin daɗi, har da tafi. Wani daga baya ya ce, "Kai, Alƙali ashe akwai barkwanci!"

"Ba wasa nake ba!"

Dokta Preston ya hau dandamali da murmushinsa, ya zaro ɗan littafi daga aljihu. Ya ce, "Ranka ya daɗe, shafi na tara. 'Duk mai ido ya san wannan saƙar ta fi ƙarfin hannun ɗan koyo.' Wa ya rubuta?"

"Ni ne. Kaina nake yabo!"

"Shafi na sha ɗaya, maganar jan maɓalli..."

"Ƙarya ce! Maɓallin rigar barcin surukata ne!"

Nan ya buɗe jakar takarda ya ɗaga suwaitar sama da hannu biyu. Wannan karon zaure ya yi tsit na gaske, kuma zuciyar Lyle ta yi sanyi, ya ce yau gaskiya ta yi halinta. Dokta ya matso a hankali, ya ce, "Ɗan ara min safar hannunka, kar in ɓata ta." Lyle ya cire ya ba shi. Ya karɓi tocilar ma. Ya shimfiɗa suwaitar a kan teburi, ya duba wuya, ya duba ɗinki, sannan ya sunkuya ya shinshina, daidai yadda ya ga ana yi shekara da shekaru.

Ya ce, "Zaren ya tsufa yadda ya kamata. Launi daidai. Maɓalli na uku ja, daidai. Tsakani da Allah wanda ya kwaikwayi wannan ya yi ƙoƙari." Sai ya ɗaga yatsa ya nuna gilashi. "Amma jama'a, ku dubi aljihun Sarauniya. A wane gefe yake?"

Zaure ya amsa, "Dama!"

"Na wannan fa?"

"Hagu!"

Aka yi wani dogon "aaah" irin na mutanen da suka ga an kama ɓarawo cikin ladabi. Lyle ya dubi gilashin, ya dubi suwaitar. Shekara arba'in da huɗu, bai taɓa lura ba.

Ya ce, "Ta baya ake zanawa! Tana zaune a gabana na zana abin da na gani, da aka juya gilashin sai hagu ya koma dama. Kowa ya san haka! A kawo madubi ku gani!"

Duk faɗin zauren nan ba madubi sai nasa mai dogon mariƙi, wanda bai fi tsabar kwabo ba. Ya kara shi a jikin suwaitar, yana cewa su leƙa. Maɓalli ɗaya kawai ke fitowa a ciki. Dokta ya dafa kafaɗarsa ya ce, "Baba Lyle, kai ka koya mana. In bai dace da na asali ba, bai dace ba. Ni dai shida bisa goma zan ba ta." Wata mata ta kawo masa kujera, wata ta kawo ruwa. Ya ji ana cewa a ƙasa-ƙasa, "Allah sarki, tsufa. Haka na baban Gail ya fara." Dokta ne ya yaye mayafin, sanye da fararen safar hannu, kuma bai mayar da su ba har yau.

Lyle ya shirya wa zagi, ya shirya wa kunya, har ya yi tunanin abin da zai faɗa wa mutumin Iowa. Tausayi ne bai shirya masa ba, shi ne kuma ya karya shi. Fasto ya mutu, maigidansa ya mutu, Reszke yana kabari ba zai iya musantawa ba. Doreen kaɗai ta rage, kuma a harkar fimbol ba a ɗaukar shaidar matar mutum, tunda yawancinsu matansu ba su ma san nawa suka sayi injinan ba. Bayan mako biyu kwamiti ya aiko masa da takardar godiya da agogon bango. Darajar Mai Suwaita kuwa sai ta ƙaru, don yanzu an ce kyan zanen har ya taɓa ƙwaƙwalwar alƙali.

Ya zauna a gida duk lokacin sanyi. Bai duba cokula ba, bai duba komai ba, sai dai ya zauna bakin taga yana kallon dusar ƙanƙara na rufe motarsa. Doreen ta daina yi masa ba'a, kuma wannan ya fi komai tsoratar da maƙwabta.

Da Oktoba ta zagayo, ita ce ta ce, "Tashi ka sa takalmi. Zan je in ga abin da na zauna wa yini uku."

Ta sa suwaitar, ko da yake yanzu maɓallai biyu na ƙasa ba sa haɗuwa. Suka biya dala goma-goma a ƙofa kamar kowa. Suna shiga Lyle ya ja ya tsaya. Zaure duk ya zama kore. Maza da mata, masu tumbi da marasa shi, kowa sanye da koriyar suwaita mai jan maɓalli da aljihu a dama, ana sayarwa dala tamanin a teburin kusa da banɗaki. Mai sayarwar ta dubi Doreen sama da ƙasa, ta ce cikin tausayi, "Ayya Mama, an cuce ki. Taki jabu ce, dubi aljihun."

Doreen ta ce, "Na gode, 'yar nan," ta wuce.

Ta je har gaban dandamali, ta ɗaga igiyar ta shiga, ta tsaya a gaban Sarauniya ta tsakiya. Fitila na ci ta bayan gilashi. Ta daɗe tana kallo. A tsaye haka, fuska da fuska, aljihunta da na zanen suna gefe ɗaya, kamar ta tsaya gaban madubin ɗakinta tana da shekara ashirin da biyu. Ta ɗaga hannu ta dubi bakin hannun rigarta, ta sake duban gilashi.

Ta ce, "Lyle. Har ɗan cikon da na yi a nan ka sa? Ai ɓoye shi na yi ta yi a ƙarƙashin tebur."

Ya ce, "Na gani."

"Ba ka taɓa faɗa min ba."

"Ba ki taɓa zuwa ba."

Ta ɗora jakarta a kan allon tagulla, daidai kan sunan. Ta sa hannu a aljihun hagu, ta zaro tsabar santi ashirin da biyar, ta jefa a injin da ba wanda ya buga shi tun da aka ciro shi daga rumbun masara. Ƙararrawa ta kaɗa, fitilu suka ɗauka, ta ja ta harba ƙwallo. Zaure ya kaure da salati irin nasu, wani mutum har donat ya suɓuce masa. Dokta Preston ya taho a guje, fararen hannuwansa a sama.

"Madam! Madam, ba a taɓawa!"

Doreen ko waiwaye ba ta yi ba. Ta ce, "Rigata ce, ɗan nan. Ka tambayi mai fentin, ga shi nan tsaye."

Ba wanda ya juya ya dubi mai fentin. Shi ma bai lura ba. Ya riga ya tsallake igiyar, ya dafa gilashin da hannunsa ba safa, idonsa cike da hawaye yana bin ƙwallo, yana ce mata, "Hagu, Doreen, danna na hagu!"